Sida da ciwon baƙin ciki: a kula da watannin farko bayan awon jini

Babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a sami wani ɗan ƙasa ba, a Yamai ko Maraɗi, a Damagaram ko Tawa, wanda likita ya zaunar ya shaida masa cewa an ga ƙwayar cutar sida cikin jininsa. Game da ita ƙwayar an yi bayani mai yawa a rediyo da jaridu da wuraren taro, an faɗi hanyoyin da take bi, an kuma faɗi hanyoyin tsare kai. Amma akwai wani ciwo na biyu wanda ba a cika yin zancensa ba, alhali kuwa yakan bi mutum har gida tun daga wannan rana, ya hana shi barci, ya hana shi cin abinci, wani lokaci ma ya hana shi shan maganin da zai raya shi. Likitoci suna kiransa depirasiyo da Faransanci. Mu a nan za mu kira shi ciwon baƙin ciki.

Ba duk wanda aka ba wannan labari ne ciwon ke kamawa ba. Wani yakan yi kwanakinsa na kuka da tunani, sa'an nan ya tashi ya kama maganinsa da sana'arsa. Wani kuwa sai ya nutse, wata ya bi wata bai farfaɗo ba. Masu bincike sun daɗe suna neman sanin abin da ya raba waɗannan mutane biyu, kuma sun gano dalilai da dama. Abin lura shi ne, mafi yawan dalilan nan ana iya ganinsu tun ranar da aka ba da sakamakon awo, kuma mafi yawansu daga hannun mutane suke fitowa, watau daga gida, da unguwa, da ɗakin likita. Abin da ya fito daga hannunmu kuwa muna iya gyara shi.

Abin da ya sake tun 1987

An soma ba da labarin wannan cuta a Amurka cikin 1981. Cikin 1983 masu bincike na cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano ƙwayar da ke haddasa ta, wadda ake kira VIH. A ƙasarmu an tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita cikin 1987. A waɗancan shekaru babu magani mai ƙarfi, wanda ya kamu sai ya rame ya ƙare a gaban danginsa, har jama'a suka laƙaba wa cutar sunaye masu ban tsoro irin su "kabari kusa".

Cikin 1996 al'amari ya juya, da likitoci suka nuna cewa in an haɗa magunguna uku wuri ɗaya suna danne ƙwayar. An fara raba irin wannan magani a Nijar cikin 2004, ƙarƙashin shirin gwamnati da ake kira INAARV, kuma kyauta ake ba da shi. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani, ba sai an jira jikinsa ya yi rauni ba. Yau mafi yawan manya ƙwaya ɗaya suke sha a yini. Maganin ba ya fitar da cutar daga jiki ɗungum, amma wanda ya fara shi da wuri, ya kuma riƙe shi ba fashi, yana iya yin aikinsa, ya yi aure, ya haifu, ya tsufa kamar kowa.

Ƙidayar da aka yi a ƙasarmu tsakanin masu shekara 15 zuwa 49 ta nuna kusan mutum 9 cikin 1.000 a 2002, mutum 7 a 2006, mutum 4 a 2012. Wannan abin godiya ne, amma yana da wani gefe. Inda masu cutar ba su da yawa, wanda aka ba sakamako yau bai san kowa mai irin halinsa ba. Bai taɓa ganin wani maƙwabci da ya shekara goma yana shan magani yana cikin ƙoshin lafiya ba, domin shi ma wancan ɓoyewa yake yi. Abin da ya rage masa cikin kai shi ne hoton shekarun da, na rama da kabari.

Mene ne ciwon baƙin ciki?

Wajibi ne a raba shi da ɓacin ran da kowane ɗan Adam ke ji in mummunan labari ya same shi. Firgita da kuka da rashin barci na ƴan kwanaki ba ciwo ba ne, haka Allah ya yi zuciya. Likitoci suna cewa ya zama ciwo in mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, kusan yini duka, ransa a ɓace, ko kuwa ya daina jin daɗin duk abin da a da yake so: hira, kasuwa, gona, wasa da ƴaƴansa. Sauran alamun su ne rashin barci ko yawansa, rashin son abinci, kasala wadda hutu ba ya kawar da ita, mantuwa da kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin kome ba, ɗora wa kai laifi fiye da kima, da tunanin cewa mutuwa ta fi.

A wurinmu da wuya mutum ya zo gidan likita ya ce zuciyarsa ba lafiya. Abin da zai ce shi ne kansa na ciwo, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa. In ma'aikacin lafiya bai lura ba, sai ya rubuta masa maganin ciwon kai ya sallame shi. Dangi kuma sai su ce iskoki ne, ko sammu, ko kuwa ƙarancin tawakkali. Gaskiyar magana ciwo ne kamar sauran cututtuka, yana kama malami da jahili, mai kuɗi da talaka, kuma yana da magani. A lissafin OMS na 2019 mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi a duniya.

Masu ɗauke da VIH sun fi sauran jama'a kamuwa da shi. Wani nazari da aka buga cikin 2001, wanda ya tattara bincike da dama, ya samu cewa yawansa a cikinsu ya kusan ninka na sauran mutane sau biyu. Cikin 2017 masu bincike na birnin Bordo a Faransa suka tattara abin da aka rubuta game da ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka samu tsakanin mutum 9 da 32 cikin 100, gwargwadon ma'aunin da aka yi aiki da shi.

Dalilin da ya sa wannan magana ta shafi kowa shi ne, maganin sida yana son a sha shi kullum. Mai ciwon baƙin ciki kuwa yakan manta, ko ya ce ina amfani, ko ya kasa tashi ya je karɓo wani in na hannunsa ya ƙare. In ana sha ana fashi, sai ƙwayar ta sake yawaita cikin jini, wani lokaci ta saba da maganin har ya daina cin ta, garkuwar jiki ta faɗi, tarin fuka da sauran cututtuka su sami ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma hatsarin da ya fi wannan: wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka buga cikin 2017, ya nuna cewa kisan kai tsakanin masu ɗauke da ƙwayar ya fi yawa cikin shekarar farko bayan an ba su sakamako. Saboda haka watannin farko su ne mahaukacin gulbin da ya kamata a kama hannun mutum a ƙetare da shi.

Dalili na farko: yadda aka ba da labarin

Mutumin da ya ji kalmar sida yakan daina jin duk abin da aka faɗa bayanta. In an gaya masa a tsaye, cikin gaggawa, ƙofa a buɗe, wasu na jira a bakin ɗaki, ko kuwa da Faransancin da ba ya ji, zai fita da abu ɗaya tak cikin kansa, watau ya mutu. Wanda ya tafi gida bai san cewa akwai magani ba, bai san cewa yana iya haihuwar ɗa lafiyayye ba, bai san ranar da zai komo ba, shi ne ciwon baƙin ciki ke samu a buɗe. Haka nan wanda aka auna ba da saninsa ba, ko wanda ya ji labarin daga bakin wani ɗan uwa kafin likita ya gaya masa.

Dalili na biyu: tsangwama da kaɗaici

Wannan shi ne dalilin da ke fitowa cikin kusan kowane bincike. Tsangwama iri biyu ce. Akwai ta waje: a ware wa mutum kwanonsa da butarsa, a hana yara zuwa ɗakinsa, a daina sayen abincin da yake sayarwa, a riƙa nuna shi da baki. Duk wannan jahilci ne, domin ƙwayar ba ta bin kwano, ko gaisawa da hannu, ko buta, ko cizon sauro. Akwai kuma ta ciki, wadda ta fi cin rai: mutum ya yarda da abin da ake faɗi, ya ɗauki kansa ƙazami, wanda Allah ya yi fushi da shi. Alhali kuwa matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana kamuwa, jariri yana kamuwa, wanda aka yi wa aski ko tsaga da aska marar tsabta yana iya kamuwa.

Tsoron tsangwama ke sa mutum ya rufe bakinsa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne ba kowa ake gaya wa sirri ba. Amma wanda bai gaya wa ko mutum ɗaya ba yana ɗauke da kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Yana ɓoye kwalbar magani cikin rufin ɗaki, yana shan ta a sace, yana ƙirƙiro dalilin tafiya duk ranar da zai je likita, wani ma yana tsallake gidan likitan garinsu ya tafi wani gari mai nisa don kada a gan shi. Bincike ya nuna cewa wanda ke da ko da mutum ɗaya amintacce da ya san halinsa, yana kuma tallafa masa, ya fi tsira daga ciwon baƙin ciki, ya kuma fi riƙe magani.

Dalili na uku: halin da mata ke ciki

Ko ba tare da sida ba, OMS ta ce ciwon baƙin ciki ya fi kama mata da wajen rabi bisa ga maza. A ƙasarmu akwai ƙarin dalili. Mata da yawa wajen awon ciki suke sanin halinsu, domin a nan ake auna jini don tsare jariri. Saboda haka sau da yawa mace ce ta farko da ke sani cikin gida, ko da ba ita ta fara kamuwa ba, kuma wanda ya fara sani shi ake ɗora wa laifi.

Mu ɗauki misalin mace mai ciki wata biyar, wadda mijinta ya tafi cin rani Abijan ko Legas ko Libiya, tana zaune da uwar miji da kishiya. Ta dawo daga awo da labarin da ba ta da wanda za ta gaya wa. In ta faɗa, tana tsoron saki, da duka, da raba ta da ƴaƴanta. In ta yi shiru, tana tsoron abin da zai sami kishiyarta da mijin. Ga kuma tunanin abin da ke cikinta. Irin wannan mace ta tara dalilai huɗu ko biyar a kanta ita kaɗai, kuma lokacin ciki da jego da ma lokaci ne da ciwon baƙin ciki ke yawan kama mata. Ya kamata ta ji, tun ranar farko, cewa in ba a yi kome ba jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke kamuwa daga uwayensu, amma in uwa ta riƙe magani lokacin ciki da shayarwa, adadin yana sauka ƙasa da 5 cikin 100.

Su ma maza suna da nasu. Namiji yakan ga kuka da faɗin damuwa kamar kasawa ne, sai ya haɗiye. Ga shi kuma yana tunanin ko shi ya kawo wa iyalinsa cuta. Maza sun fi jinkirin zuwa awo, sun fi kuma ɓacewa bayan an ba su sakamako.

Dalili na huɗu: talauci da nisan hanya

Magani kyauta ne, amma hanya ba kyauta ba ce. Mutumin ƙauye da zai biya jika biyu ko uku na mota ko kabu-kabu, ya kuma bar gonarsa ko sana'arsa yini guda, yana lissafi kafin ya tashi. In lokacin da rumbu ya ƙare ne, kafin sabon hatsi ya nuna, lissafin ya fi wuya. Rashin abinci cikin gida, da rashin aikin yi, da bashi, suna cikin abubuwan da aka fi samu tare da ciwon baƙin ciki a binciken da aka yi a ƙasashen Afirka. Kuma abin yana zagayawa: talauci ya kawo damuwa, damuwa ta kashe jiki, mutum ya kasa aiki, talauci ya ƙaru. Matar da ba ta da sana'ar kanta, da bazawarar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, su ne suka fi shiga wannan tarko.

Dalili na biyar: jikin da ya riga ya yi rauni

Mutane da yawa ba su zuwa awo sai ciwo ya kwantar da su, ga zawo, ga rama, ga tarin fuka. Wanda aka ba labari yana kwance, sojojin jininsa da likitoci ke kira CD4 sun ragu ƙwarai, ya fi wanda ya zo da ƙafafunsa shiga baƙin ciki. Abin da yake gani a jikinsa yana gaskata masa tsoronsa. Ban da haka, ita kanta ƙwayar, da wasu cututtukan da ke biyo ta, suna iya taɓa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa likita ne ya kamata ya duba, ya raba tsakanin kasalar ciwon jiki da ta ciwon zuciya.

Akwai kuma maganar magani. Wani daga cikin magungunan sida mai suna efabirenz, wanda aka daɗe ana aiki da shi, yakan sa wa wasu jiri, da munanan mafarkai, da rashin barci, da ɓacin rai, musamman cikin makonnin farko. Cikin 2019 OMS ta ba da shawara a fifita wani mai suna dolutegrabir, wanda ya fi sauƙi ga jiki, ko da yake shi ma yakan hana wasu barci. Duk wanda ya ga halinsa ya sake bayan ya fara magani, kada ya daina sha da kansa. Ya koma ya gaya wa likita, domin ana iya sake masa wani.

Dalili na shida: tsohon rauni

Wanda ya taɓa yin ciwon baƙin ciki a da, ko wanda ake da shi cikin danginsu, ya fi saurin komawa cikinsa. Haka nan wanda ya yi jinyar miji ko mata ko ɗa har suka rasu da wannan cuta, sa'an nan aka ce shi ma yana da ita: makoki biyu ne suka haɗu masa. Haka macen da ta sha duka ko aka yi mata fyaɗe, da wanda rikici ya kora daga garinsu. Samari da ƴan mata su ma abin kula ne, musamman waɗanda aka haifa da ƙwayar, aka ɓoye musu, sai da suka girma suka ji. Tambayarsu ta farko ita ce wa zai aure su.

Dalili na bakwai: abin sa maye

Wasu in tunani ya dame su sai su nemi mafaka wajen giya, ko wiwi, ko ƙwayar tramol wadda ta yaɗu tsakanin matasa da masu aikin ƙarfi. Sauƙin na ɗan lokaci ne. In abin ya sake su, baƙin cikin ya dawo fiye da da, aljihu ya bushe, lokacin shan magani ya wuce. Wanda da ma yana shaye-shaye kafin a ba shi sakamako yana cikin waɗanda za a sa wa ido tun farko.

Waɗannan dalilai bakwai ba ɗaya ɗaya suke zuwa ba, taruwa suke yi. Mai dalili ɗaya yana iya ɗauka. Mai huɗu ko biyar, in ba a taimake shi ba, da wuya ya kai. Kuma kada a fahimci cewa wanda ba shi da ko ɗaya ya tsira, ko kuwa wanda ya tara su lalle sai ya kamu. Amfanin saninsu shi ne a gane wanda za a fi matsowa kusa da shi.

Abin da ya kamata a yi

Ga ma'aikatan lafiya, aikin yana farawa daga kujera da rufe ƙofa. A ba da labari a zaune, cikin harshen da mutum ke ji, a bar shi ya yi shiru ko ya yi kuka. Kafin ya fita a tabbata ya riƙe abu uku: akwai magani, ana rayuwa da shi, ga ranar komowa. A gaya masa kuma abin da bincike ya tabbatar tun daga 2011 zuwa 2019, cewa wanda ya riƙe magani har aka daina ganin ƙwayar cikin awon jininsa, abin da yakan samu cikin wata shida, ba ya sa wa abokin aurensa ita ta hanyar kwanciya. Wannan magana ɗaya ta ɗauke wa mutane da yawa dutse daga ƙirji.

Sa'an nan a tambaye shi: wa kake da shi a gida? Wa za ka iya gaya wa? Akwai abinci? Kana da kuɗin komowa? A kowace komowa kuma, cikin watannin farko, a yi masa tambayoyi biyu da ba su cin minti ɗaya: cikin mako biyun nan, ranka yana yawan ɓaci har ka fid da rai? Ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba so? In ya amsa da i, a zauna a bincika sosai, har a tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sai ma ta ba shi ƙofar magana.

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne a ƙasarmu, mafi yawansu kuma a Yamai suke, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen da aka sani da Pavillon E. Amma ba kowane mai baƙin ciki ne sai ya je can ba. Tun 2008 OMS ta kafa wani shiri mai suna mhGAP don koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita gane wannan ciwo da yi masa magani. Wasu ƙasashen Afirka sun gwada sun ga amfani. A birnin Harare na Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar gidajen likita, suna zama da mai damuwa har sau shida, suna taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A harshensu na Shona sunan ciwon shi ne yawan tunani, daidai da yadda muke faɗi. Sakamakon da aka buga cikin 2016 ya nuna waɗanda suka zauna bisa bencin, da yawansu masu ɗauke da VIH, sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. A arewacin Uganda kuma, likita Etheldreda Nakimuli-Mpungu ta tara masu ɗauke da ƙwayar ƙungiya ƙungiya, maza daban mata daban, suna haɗuwa sau ɗaya a mako har mako takwas, suna faɗin damuwarsu, ana kuma koya musu dabarun neman abin kai. Sakamakon 2020 ya nuna ciwon ya ragu ƙwarai. Ba mu rasa tsofaffi masu hankali da riƙon sirri ba, ba mu rasa inuwa da tabarma ba. Muna kuma da ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar, waɗanda suka haɗu cikin RENIP+. Babu abin da ke kwantar da hankalin sabon kamu kamar ya ga wanda ya shekara goma sha biyar yana shan magani, ga shi da ƙiba, ga ƴaƴansa.

In ciwon ya yi tsanani akwai magungunansa, irin su amitiriftilin da fuluwoksetin. Likita ne ke rubuta su, domin shi ya san wanda ya dace da maganin sida. Ba su aiki rana ɗaya, sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake fara ganin sauƙi, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an warke. Kada a saye su a tebur ko hannun masu yawo da magani.

Ga dangi, labarin zuciya a tambayi fuska. In ɗan uwanku ya daina fita, ya daina ci, ya daina wanka da ado, ku matso kusa da shi. Ku ci abinci kwano ɗaya da shi, ku raka shi likita, ku tuna masa lokacin magani. Wanda aka ba amanar sirri ya riƙe. In kuwa ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana rabon kayansa, ko yana sallama da mutane, kada a bar shi shi kaɗai ko na sa'a ɗaya. A kawar da maganin ƙwari da igiya da makami daga kusa da shi, a kai shi likita a ranar.

Ga malamai da limamai da sarakunan gargajiya, maganarku tana da nauyin da ta likita ba ta da shi. Mutumin da ya ji daga bakin limaminsu cewa cuta jarrabawa ce, neman magani kuma ba ya warware tawakkali, zai ɗaga kansa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Ga ma'aikatan gwamnati da shugabannin ma'aikatu, a tuna cewa ƙasarmu tana da doka, ta 2007 wadda aka sake cikin 2015, da ta hana tona asirin mai ɗauke da VIH, ta kuma hana nuna masa bambanci. Wanda ya tabbata ba za a kore shi daga aiki ba, ba za a kuma yi hira da sunansa a ofis ba, an rage masa rabin damuwarsa. Kusanto da magani ga ƙauyuka, da ba da na wata uku ko shida ga wanda jikinsa ya daidaita, da horar da ma'aikata kan ciwon baƙin ciki, duka aiki ne da ke hannun hukuma.

Ƴan uwa, ilimi ya yi nasa, ya samo maganin da ke danne ƙwayar cikin jini. Abin da ya rage shi ne mutum ya sami ƙarfin zuciyar da zai sha shi kullum, wannan kuwa sai da taimakon na kusa da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi kuma ƙara mana tausayin juna.